Wai Akilis da Iskandar jinin Jamusawa ne?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani bidiyo ne yake ta yawo, an turo mini a WhatsApp. Wani Bature ne zaune gaban taswira yana cewa manyan jaruman duniyar da, su Akilis na yaƙin Troy, da Harkulis, da Iskandar na Makidoniya, har da sarakunan Rum na farko, duk jinin Jamusawa ne. Wai daga arewacin Turai suka gangaro suka mallake mutanen kudu. Hujjarsa ita ce tsofaffin waƙoƙin Girkawa sun ce gashin Akilis ruwan zinariya ne. Mutumin ya iya bakinsa, har na fara gyaɗa kai. Malamai, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko shaci-faɗi ne?

Hajiya Uwani:
Wa'alaikumus salam. In launin gashi ne shaidar asali, ai ofishin fasfo sun huta.

Malam Tukur:
Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Fagge, mu fara da lissafin shekaru, shi kaɗai ya isa ya kayar da rabin maganar. Idan masana suka ce Jamusawan dauri, ba 'yan ƙasar Jamus ta yau kaɗai suke nufi ba. Ƙabilu ne masu harsuna 'yan uwan juna, waɗanda daga cikinsu aka samu Jamusanci da Ingilishi da harsunan Holan da Suwidin da Danmak. Harshen da ya haifi waɗannan duka bai tsaya da ƙafarsa ba sai wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kudancin Sikandinabiya da arewacin Jamus. Yaƙin Troy kuwa, in ma an yi shi yadda aka waƙe shi, wajen shekara 1200 ne kafin haihuwar. Ta yaya mutum zai fito daga ƙabilar da ba a kai ga yin ta ba?

Sannan Girkawan wancan zamani sun bar rubutu a allunan yumɓu. A 1952 Michael Ventris ya warware shi, sai ga shi tsohon Girkanci ne, lissafin tumaki da man zaitun da kekunan yaƙi. A 2017 kuma aka buga binciken ƙwayar halitta da aka ciro daga ƙasusuwansu. Aƙalla kashi uku cikin huɗu na jininsu na manoman farko ne na yankin Anatoliya da tekun Girka, kuma galibinsu masu duhun gashi da duhun ido ne, daidai da yadda suka zana kansu a bangon fadojinsu.

Injiniya Bala:
Allah ya gafarta Malam, kada a yi saurin rufe fayil. Binciken nan da ka ambata ai shi ne ya ce akwai wani kaso na jinin mutanen arewa a jikinsu. Kuma tun 1786 William Jones ya nuna Girkanci da Latin da Sanskirit, tsohon harshen Indiya, gida ɗaya suka fito, har ya haɗa da harshen Gotawa, ɗaya daga ƙabilun Jamusawan dauri. To in harshe ɗaya ne, jini ma ya ratsa, me ya rage?

Malam Tukur:
Abin da ya rage, Injiniya, shi ne wace arewa. Kason da kake magana bai kai ɗaya cikin biyar ba, kuma daga makiyayan filayen arewacin Baƙin Teku ya fito, inda Yukren da kudancin Rasha suke yanzu. Zuriyarsu ta bazu yamma zuwa Turai, ta bazu gabas zuwa Indiya. Jamusawa reshe ne guda, kuma reshen da ya makara wajen tohowa. Da wannan hujja taka, Ba'indiye da Bafarishe suna da haƙƙin cewa Akilis nasu ne daidai da mutumin Hambag.

Nafisa (Bielefeld):
Malam, ni abin da ya fi ba ni dariya a wannan batu shi ne da can juye take. Sarakunan waɗannan ƙabilu ba su ce jaruman Troy daga gare su suka fito ba, cewa suka yi su ne suka fito daga Troy. Tarihin Farankawa, ƙabilar da ta mulki Faransa, da aka rubuta a ƙarni na 7 ya ce kakanninsu 'yan gudun hijirar Troy ne, ƙarƙashin wani Francio. A Aisilan kuma, wajen 1220, Snorri Sturluson ya rubuta cewa Odin da Thor, waɗanda mutanen arewa suka bauta wa, ba alloli ba ne, mutane ne daga Asiya, kuma Thor jikan Priam ne sarkin Troy. Wato mutumin can cikin ƙanƙara ya ɗauki abin bautar kakanninsa ya mai da shi ɗan ƙasar da yau ake kira Turkiyya.

Ɗan Fagge:
To me ya kai su Troy, birnin da aka ci da yaƙi aka ƙone? Ni da zan ƙirƙiri kaka ai wanda ya yi nasara zan ɗauka.

Nafisa (Bielefeld):
Saboda Rumawa, Yaya. Su ne suka fara cewa daga Aeneas suka fito, wanda ya tsere daga Troy, kuma gidan Yuliyas Kaisar sun ce su zuriyarsa ne kai tsaye. Duk wanda ya gaji ƙasar Rum yana so a ce shi ɗan uwan Rumawa ne, ba baƙon da ya fasa ƙofa ya shigo ba. Iskandar ɗin ma da ake jayayya a kansa haka ya yi: ta wajen uba ya ce shi jinin Harkulis ne, ta wajen uwa jinin Akilis, har ya tsaya a Troy a 334 kafin Miladiyya ya girmama kabarin da ake cewa na Akilis ne.

Malam Tukur:
Madalla da 'yata Nafisa. Bari in ƙara da na Ingila, don nan ne ake ganin ɗinkin ƙarara. Bede, wani malamin coci da ya gama littafinsa a 731, ya ce shugabannin da suka fara tsallakowa Biritaniya, Hengist da Horsa, 'ya'yan Wihtgils ne, ɗan Witta, ɗan Wecta, ɗan Woden. Woden ɗin nan shi ne Odin. Kusan kowane gidan sarauta a Ingila ta wancan zamani ya ja salsalarsa zuwa gare shi, in ban da na Essex da suka tsaya a kan Seaxneat. Na Gabashin Angiliya kuwa sun wuce kowa: a jerinsu, ɗan Woden sunansa Caser, wato Kaisar. Kun ga an mai da sarkin Rum ɗan cikin gunkin Jamusawa.

Da Kiristanci ya kafu, tsayawa a kan Woden ya zama abin kunya, sai aka ƙara tsawon igiyar. A tarihin da aka tattara zamanin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, an jera kakannin mahaifinsa Æthelwulf ƙarƙashin shekarar 855: wane ɗan wane, a wuce Cerdic, a wuce Woden, har a kai Annabi Nuhu da Annabi Adamu. A wasu kwafe-kwafen mahaɗin shi ne wani Sceaf, wanda aka ce ɗan Annabi Nuhu ne da aka haifa a cikin jirgi. A 1953 Kenneth Sisam ya bi jerin nan suna bayan suna, ya nuna cewa wani yanki nasa aro shi aka yi daga salsalar wani gidan sarauta na arewacin Ingila aka liƙa.

Alaramma Sani:
Subhanallah. Mu dai abin da muka karanta, Samu da Hamu da Yafisu ne suka tsira, sai ɗan da ya ƙi shiga jirgi ya ce zai fake a dutse, ruwa ya ci shi. Wannan na cikin jirgi kuma wa ya yi masa suna?

Hajiya Uwani:
Alaramma, wanda aka biya mana. Ka taɓa ganin maroƙi a gidan biki ya tsaya a kan kakan da aka sani? Attajiri na miƙa kuɗi, salsala na ƙara tsawo.

Barista Hadiza:
Hajiya, na yarda da ke rabi. Amma kada mu ɗauka wasa suke. A wancan zamani salsala takardar mallaka ce. Wanda ba jinin Woden ba, da wuya a yarda ya hau gadon sarauta, kuma in gidaje biyu suka ƙulla amana sai ka ga an haɗa kakanninsu a takarda. Don haka jerin yana faɗa mana gaskiya, sai dai gaskiyar zamanin wanda ya sa aka rubuta ce, ba ta zamanin mutanen da ke cikin jerin ba. Tambayata ga Malam: yaushe abin ya juya, daga "mu jikokinsu ne" zuwa "su jikokinmu ne"?

Malam Tukur:
Barista, irin ya daɗe a ƙasa. Wajen 551, a Kustantiniya, Jordanes ya rubuta tarihin Gotawa. Shi da bakinsa ya ce babban littafin da ya dogara da shi, na Cassiodorus, aron kwana uku kawai aka ba shi. Ya ce Gotawa daga tsibirin Scandza suka fito cikin jirage uku. Sai ya haɗe su da wata tsohuwar al'umma daban mai suna Getae don sunayen sun yi kama, kuma da wannan dabara ya kwashe tarihin mutane ya zuba wa Gotawa. Telephus ɗan Harkulis ya zama sarkinsu. Matan nan mayaƙa na tatsuniyar Girkawa suka zama matan Gotawa da mazansu suka tafi yaƙi. Sarauniya Tomyris da aka ce ta kashe Sairus na Farisa ita ma ta zama tasu. Kakan bidiyon Ɗan Fagge ke nan.

Amma wutar ba ta kama sosai ba sai da aka tono ɗan littafin Tacitus a kan ƙasar Jamusawa. Barume ne, ya rubuta shi a shekara ta 98, kuma babu shaidar ya taɓa taka ƙasar. Ya yabi Jamusawa da jarumta da tsare aure, ya ce ba su gauraya da kowa ba, yawanci don ya gori Rumawan zamaninsa. Kwafi ɗaya ya tsira a wani gidan ibada a Jamus, aka kai shi Italiya wajen 1455. Malaman Jamus, da Italiyawa suka daɗe suna kiransu ƙauyawa mashaya, suka rungume shi. A 1498 kuma wani ɗan coci, Annius na Viterbo, ya buga littafin jabu da ya jingina wa wani tsohon malamin Babila, inda ya mai da Tuisto, kakan Jamusawa a littafin Tacitus, ɗan Annabi Nuhu, ya jero sarakunan Jamus na ƙarya, ciki har da wani Harkulis Bajamushe. Aventinus, marubucin tarihin Bavariya, ya kwashe ya ƙara gishiri.

Nafisa (Bielefeld):
Malam, kada a bar 'yan Suwidin, su ne zakaru. A taron coci na Basel a 1434 aka yi rigimar wurin zama. Bishop ɗin Suwidin, Nicolaus Ragvaldi, ya miƙe ya ce su ya kamata su zauna gaba, don daga ƙasarsu Gotawan da suka ci Rum suka fito. Wakilin Kastil ta Sifaniya ya amsa masa cewa su jikokin Gotawan da suka fita suka yi yaƙin ne, 'yan Suwidin kuwa jikokin waɗanda suka zauna a gida.

Sai Johannes Magnus, wanda aka buga littafinsa a Rum a 1554. Ya fara jerin sarakunan Suwidin daga Magog ɗan Yafisu, ya cike giɓin da sarakunan da ya ƙirƙira. Sarakuna suka ɗauki lambarsu daga nan. Shi ya sa Erik da ya hau a 1560 ya kira kansa na 14. Karl shida na farko babu su a tarihi, don haka sarkin yanzu, Carl na 16, in za a bi ƙidaya ta gaskiya, na 10 ne. A 1679 kuma Olof Rudbeck, farfesan likitanci a Uppsala, mutumin da ya yi bincike na gaske a kan jikin ɗan Adam, ya fara buga littafin da ya ce Suwidin ce Atlantis, ƙasaitacciyar ƙasar tatsuniyar Girkawa da teku ya haɗiye, kuma daga can Girkawa suka samo allolinsu.

Alaramma Sani:
Magog dai? Wato Majuju? Mutum ya rasa wanda zai zaɓa kaka sai Yajuju da Majuju. Allah ya kyauta.

Injiniya Bala:
To duk wannan ai raha ce. Kowace al'umma tana yi. Me ya sa in Bajamushe ya yi sai a ɗaga murya?

Barista Hadiza:
Saboda inda ta kai, Injiniya. Ni ba na haɗa Snorri da mai bidiyon nan a kwando ɗaya. Na da yana neman a ba shi kujera cikin manya. Na ƙarni na 19 cewa ya yi babu wani babba sai shi. Gobineau, Bafaranshe, tsakanin 1853 da 1855 ya rubuta cewa duk wata wayewa daga farin jini ta fito kuma gauraya ce ke kashe ta. Houston Stewart Chamberlain, haifaffen Ingila da ya koma Jamus ya auri 'yar Wagner, a 1899 ya ce duk abin kirki a Turai aikin jinin Jamusawa ne, har ya yi ƙoƙarin raba Annabi Isa (AS) da Bani Isra'ila. Sarki Wilhelm na 2 na Jamus ya yaba masa, Hitila ya ziyarce shi a 1923. A 1905 Ludwig Woltmann ya bi hotunan manyan Italiya yana duba hanci da ido, ya ce su Dante da Leonardo da Michelangelo Jamusawa ne, har yana murɗa sunayensu su koma na Jamusanci. Daga nan abin ya shiga littattafan makaranta, ya shiga doka, aka fara tambayar mutane takardar kakanni kafin aure da aiki. Sauran kun sani.

Malam Tukur:
Haka ne. Himmler, shugaban dakarun SS na Hitila, ya kafa cibiya guda a 1935 don tono wannan asali. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka tura sojojin SS gidan wani basarake kusa da Ancona su ƙwato tsohon kwafin Tacitus, suka birkice gidan ba su same shi ba. Yanzu yana ɗakin karatu na ƙasa a Rum. Abin mamaki, Albert Speer, ministan Hitila, ya ruwaito cewa Hitila kansa yana jin haushin tone-tonen Himmler, yana cewa me ya sa za a tuna wa duniya cewa lokacin da Rumawa ke gina manyan gine-gine kakanninsu na cikin bukkokin laka. Ka ga dalilin da ya sa dole a ce Girkawa da Rumawa ma nasu ne.

Nafisa (Bielefeld):
Kusa da mu nan, a kan wani tudu a dajin Detmold, akwai mutum-mutumin Hermann, gwarzon Jamusawan dauri da ya yaƙi Rum. Tagulla ce ta koma kore, tsayinsa da gindinsa ya haura mita 53, takobin da ya ɗaga sama kaɗai mita 7 ne. Hularsa da fukafukai, ƙafarsa ta hagu ta take gaggafar Rum. Ana hawa matakala ta ciki a fito wani baranda a ƙarƙashin ƙafafunsa, iska na kaɗa mutum, yara 'yan makaranta na ɗaukar hoto. An gama shi a 1875, shekara huɗu bayan an ci Faransa da yaƙi, kuma yamma ya fuskanta, ba kudu inda Rum take ba.

Mutumin gaske ne. Arminius sunansa a littattafan Rumawa, ya hallaka rundunoni uku na Varus, kwamandan Rum, a shekara ta 9. Amma hafsa ne a sojan Rum, yana da takardar zama Barume, kuma danginsa ne suka kashe shi. Sunan Hermann a ƙarni na 16 aka laƙaba masa. A ƙarni na 19 wasu suka ce shi ne Siegfried mai kashe dodo na waƙoƙin da, ba tare da wata hujja mai ƙarfi ba. Wurin da aka fi zaton an yi yaƙin ma ba nan ba ne, Kalkriese ne kusa da Osnabrück, inda wani hafsan sojan Ingila mai na'urar neman ƙarfe ya fara tsintar kuɗin Rumawa a 1987.

Abu Katsina:
Ina ta karatu shiru. Jama'a, mu da muke dariya, ina muka bar Bayajidda ɗan sarkin Bagadaza? Ina muka bar Saifawan Borno da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman?

Baba Audu:
Kai yaro, bar Daura a inda take. Rijiyar Kusugu tana nan, je ka gani da idonka.

Barista Hadiza:
Baba, a yi masa haƙuri, ba raini yake nufi ba. Rijiya tana nan, Troy ma tana nan, an tono ta. Samuwar wuri daban, tabbatar salsala daban. Amma Abu, wanda ya fi kama da bidiyon nan ba Bayajidda ba ne, don wannan mu muka faɗa da kanmu. Leo Frobenius ne, Bajamushen da ya je Ife a 1910, ya ga kan tagulla, ya ce wannan kyau ya fi ƙarfin baƙar fata, sai dai ragowar Atlantis.

Injiniya Bala:
To na ji. Amma Malam, kada a ce duk da'awar ƙarya ce. Akwai sarakunan wasu ƙasashe da asalinsu na can ne da gaske ko babu?

Malam Tukur:
Akwai, kuma ba a ɓoye suke ba. Theodoric Bagote ne, ya mulki Italiya har ya rasu a 526, shi ne waƙoƙin Jamus suka mayar Dietrich na Bern, har suka zaunar da shi a fadar Attila, alhali Attila ya mutu a 453, kafin a haife shi ko dab da haka. Farankawa sun ba Faransa sunanta. A Ingila, binciken 2022 a kan ƙasusuwan mutum 460 na arewa maso yammacin Turai ya nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na jinin mutanen gabashin ƙasar a farkon wancan zamani daga tsallaken Tekun Arewa ya zo. Ƙaurar ta faru, ko da Hengist da Horsa tatsuniya ne.

Wanda har yau ake hayaniya a kansa shi ne Rurik. Tarihin Rasha na farko, da aka tattara a farkon ƙarni na 12, ya ce a 862 ƙabilun yankin sun gayyato shi daga tsallaken teku ya mulke su. A 1749 Gerhard Müller, Bajamushe a cibiyar ilimi ta Petersburg, ya shirya jawabi a kan haka, Lomonosov ya taso masa cewa cin mutuncin Rasha ne, aka hana jawabin aka lalata kwafe-kwafensa. Amma jakadun da suka ƙulla yarjejeniya da Rumawan Gabas a 911 sunayensu na Sikandinabiya ne, su Karl da Farlof. Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya gamu da Rus, wato mutanen su Rurik, a kogin Volga a 922, ya ce dogaye ne kamar dabino, jajaye, ya kuma ga yadda suka ƙone gawar shugabansu a cikin jirgin ruwa. Sai dai jikan Rurik sunansa Sviatoslav, sunan Silabawa tsantsa, wato ainihin mutanen yankin. Cikin zuriya uku sun narke.

Injiniya Bala:
To a Rurik dai na ci. A Iskandar kuma ban sauka ba tukuna, don an ce Girkawan Atina kansu ba su ɗauki Makidoniyawa cikakkun Girkawa ba.

Nafisa (Bielefeld):
Gaskiya ne, Yaya Injiniya, Demosthenes na Atina ya zagi Filibus, mahaifin Iskandar, da cewa bare ne. Amma gardamar tsakanin Girkawa da maƙwabtansu na Balkan take. A Pella aka haifi Iskandar a 356 kafin Miladiyya, Aristotal ne malaminsa, uwarsa 'yar Epirus ce. Girkawa ba su ma san da mutanen gaɓar Tekun Arewa ba sai da Pytheas na Masaliya ya yi tafiyarsa can, wajen ƙarshen rayuwar Iskandar ɗin.

Injiniya Bala:
Zan nemo abin da Plutarch, marubucin tarihin Iskandar, ya ce game da kamanninsa in dawo. Admin, kada a rufe zaren nan.